Toka, Sabulun Salo da Ƙaiƙayin Fata: Jawabi ga Iyalai Bayan Kaka



Iyayenmu maza da mata, malamai, shugabannin unguwanni, da 'yan uwanmu mutanen gari da suka zo suka zauna tare da mu, barkanmu da war haka. Ofishin kariya ne ya kira wannan zama, kuma mun tsara maganar tare da ma'aikatan lafiya. Mun sa ta a takarda domin wanda bai samu zuwa ba a karanta masa a gida.

A 'yan makonnin nan mata da yawa sun zo mana da tambaya iri ɗaya. Sun ce sabulun rabo ba ya kai ƙarshen wata, yara suna kwana susa, ga kara da ɓawon gyaɗa zube a bakin gonaki tun da aka gama girbi. Shin za a iya yin sabulun salo kamar yadda aka saba a gida, kuma zai warkar da yaran? Tambaya biyu ce a ɗaure wuri ɗaya. Ta farko amsarta e, ana iyawa, kuma muna so a yi. Ta biyun ce take son a zauna a warware ta, domin akwai abin da sabulun zai yi, akwai kuma wanda ko an wanke yaro da shi sau goma a rana ba zai yi ba.

Mu fara da sabulun. Ba sabon ilimi muka kawo muku ba. Cikin waɗanda suka taso daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019 akwai tsofaffin da suka yi shekaru suna tace toka, haka ma a cikin matan garuruwan nan na jihar Maraɗi. Duk tsiron da ya girma yana jawo wani gishiri daga ƙasa ya tara a jikinsa. In aka ƙone shi, gishirin yana saura a cikin toka. In aka zuba ruwa ya tsiyaye, shi ne ruwan tokar da muka sani, mai santsi a hannu. Ruwan nan in ya yi ƙarfi aka dafa shi da mai, sai su cinye juna su koma sabulu. A Gana da ƙasar Yarabawa ɓawon koko da na ayaba suke ƙonawa. Mu a nan karan gero da na dawa da na riɗi muke da su, kuma tokarsu tana da ƙarfi. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara da ƙaiƙayin masussuka su ma suna shiga, sai dai ƙarfin toka ya bambanta daga wannan zuwa wancan, shi ya sa ba za mu ba ku awo ɗaya mu ce kwano kaza na toka a kwalba kaza ta mai ba. Wanda ya ba ku irin wannan awon bai taɓa tsayawa a kan tukunyar ba.

Yadda ake yi, a taƙaice. A ƙone kayan su cinye sarai har tokar ta yi fari-fari, ba baƙin gawayi ba. A zuba ta a tukunya mai huji a gindi, an shimfiɗa ciyawa ko tsumma, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana tarar abin da ya ɗiga. A dafa ruwan ya ƙone ya ragu sosai. Gwajin da aka daɗe ana yi shi ne a bari ya huce a sa ɗanyen ƙwai: in ya nutse, da saura, in ya taso kansa ya leƙo kaɗan, ya yi. Ƙwan nan kuma ba na ci ba ne, a yar da shi. Sannan a mayar kan wuta, a riƙa zuba mai ana juyawa da muciya, awa da awanni, har ya yi kumfa ya kwanta ya yi kauri. A sauke, a dunƙula, a ajiye a inuwa ya sha iska makonni kafin a taɓa jikin kowa da shi. Tukunyar ƙasa ko ta baƙin ƙarfe ake so. Tukunyar alminiyam, irin wadda ake narka gwangwanaye a ƙera, ruwan toka yana cin ta, ya ɓata tukunyar ya ɓata sabulun. Wannan sana'a dai ba a takarda ake koyon ta ba. Wadda ba ta taɓa yi ba ta zauna kusa da wadda ta iya, ko sau biyu, kafin ta ɗora nata.

Abin da yake da tsada a sabulu mai ne, ba toka ba. A nan muna roƙonku abu ɗaya: kada a ɗebi man girki na rabon abinci a zuba a sabulu. Man nan na cikin yara ne. Yaron da ba ya ƙoshi, fatarsa ce take fara nunawa, kuma ba sabulun da zai gyara ta. Ga dogon yaro nan, wanda wasunku suke kira darbejiya, wasu maina, wasu bedi. Shi ma baƙo ne a ƙasar nan, asalinsa daga wajen Indiya aka kawo shi, ya zauna har ya zama ɗan gida. 'Ya'yansa suna zuba ƙasa ana tattake su, alhali akwai mai a cikin ƙwayarsu, kuma man ba ya ciwuwa saboda ɗaci, don haka ba ya rage wa tukunyar miya komai. A tsinci waɗanda suka nuna suka faɗo, a wanke naman, a shanya su bushe sosai, domin wanda ya yi fumfuna ba shi da amfani. A fasa a turmi a hankali, a sheƙe, a daka ƙwayar ta yi laushi, a murza da ɗan ruwan zafi kamar yadda ake matse tunkuza. Da hannu ba ya ba da mai da yawa: kilo ɗaya na ƙwaya yakan ba da mililita 100 zuwa 150, wato kamar ƙaramin kofin shayi biyu. Aikin ƙungiya ne, ba na mace ɗaya ba. A ware masa turminsa, in ba haka ba furar gidan za ta yi mako tana ɗaci. Dusar da ta rage kuwa taki ce, a kai ta gindin shuka.

Aduwa ma haka. Yara suna tsotse ta su jefar da ƙwallon, kuma kusan rabin ƙwayar da take ciki mai ne, mai kyau ga shafawa. Man kaɗe kowa ya san shi, sai dai a nan saye ake yi, itacen ya fi yawa a kudu.

To me waɗannan suke yi wa fata? Sabulu yana wanke datti da ƙwayoyin cuta, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A birnin Karachi na Pakistan an yi wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2005. An ba wasu unguwannin talakawa sabulu, aka riƙa ƙarfafa su su wanke hannu su yi wa yara wanka kullum. Ƙurajen nan masu ruwa da suke yin ɓawo launin zuma a fuskar yara sun ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku, gudawa ta ragu da kamar rabi. Abin da ya fi jan hankalinmu a ciki shi ne, an gwada sabulu mai magani da sabulu wanda ba a sa masa komai ba, kuma ba a ga bambanci ba. Wato wankan ne yake aikin. Sabulun da kika dafa da hannunki, in ya nuna da kyau, bai gaza na kanti mai tsada ba. Ƙa'idar da hukumomin agaji suke bi ta ce kowane mutum ya samu giram 250 na sabulun wanka da giram 200 na wanki a wata. Gidan da ya iya ƙara nasa a kai ya samu sauƙi, musamman wajen wanki, sai a bar na rabon ga jarirai, domin sabulun toka ya yi wa fatar jariri ƙarfi.

Mai kuma yana riƙe danshi a fata. Yanzu da hunturu ya kama, faso da kaushi da bushewar leɓe da ƙafafun yara da suke yin furu-furu, duk man aduwa ko man kaɗe ya ishe su. A shafa bayan wanka jiki bai gama bushewa ba, ya fi kamawa. Mai kirci ma yana samun sauƙi da shi, amma shi ya rage goga sabulu a wurin.

Iyakar aikinsu ke nan, kuma daga nan ne muke so a ba mu kunne da kyau.

Yawancin yaran da suke kwana susa ƙazuwa ce take damunsu. Ƙazuwa ba datti ba ce, ba kuma alamar cewa uwa ba ta kula da ɗanta ba. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, macen tana haƙa rami a cikin fata ta yi ƙwai. Shi ya sa ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ya fi kama tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hammata, da ƙugu, da al'aura. A jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Tana bin haɗuwar jiki da jiki da kwana a shimfiɗa ɗaya, kuma mu da muke kwana mutum shida bakwai a ɗaki guda, ba abin mamaki ba ne ta zagaye mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum aƙalla miliyan 200 suna ɗauke da ita, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Babu abin kunya a ciki, kada a ɓoye yaro a ɗaki.

Ƙwaron nan yana ƙarƙashin fata, sabulu yana wucewa ta samansa. Wasu za su ce ai dogon yaro yana kashe shi. An taɓa gwada haɗin ganyensa da gangamau, wato kurkur, a kan mutum 814 a Indiya, aka buga a 1992 cewa kusan dukkansu sun warke. Amma ba a kwatanta su da wasu da aka ba maganin asibiti ko waɗanda ba a ba komai ba, saboda haka likitoci ba su ɗauke shi a matsayin abin dogaro ba. Wanka da ruwan ganyen ba mu hana ba, yana iya sanyaya jiki. Abin da muke tsoro shi ne a tsaya a kansa wata biyu ana jira, yaro yana susa da farce har fata ta fashe, ƙwayar cuta ta shiga, ƙurji ya yi mugunya. Irin wannan yana iya kaiwa ga ƙoda. In kun ga yaro mai ƙuraje fuskarsa ta kumbura da safe, ko fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi, ranar za a kai shi asibiti, ba gobe ba.

Maganin ƙazuwa yana asibiti: akwai na shafawa, akwai na haɗiya, su ma'aikatan ne za su zaɓa, domin na haɗiyar ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Abu ɗaya da yake sa magani ya ƙi ci shi ne a yi wa yaro ɗaya a bar sauran gidan. Wanda ya kamu karon farko yana iya yin wata guda ko fiye bai fara susa ba, alhali yana rabawa. Don haka kowa da kowa rana ɗaya, har da maigida, ko da ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Iyayenmu maza, da ku muke. Ranar nan kuma sabulun salo zai yi aikinsa: a wanke tufafi da zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa, kamar bargo, a ƙulle shi a leda aƙalla kwana uku, domin ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye in ba a jikin mutum ba. Ƙaiƙayi yana iya ci gaba mako biyu har huɗu bayan magani ya yi aiki. A shafa mai, a yanke wa yara farce, kada a sake shafa maganin ba da izini ba.

Makero na kai shi ma haka. Yana cikin tushen gashi, abin shafawa ba ya isa gare shi, sai maganin sha na mako shida ko fiye. Ya fi bin reza da aska da mataji, saboda haka kowane yaro da rezarsa in za a yi aski. Baƙin batir, man birki, baƙin mai na inji, goga tafarnuwa har fata ta saluɓe, duk mun ga tabon da suke bari. Haka man bilicin da wasu 'yan tube da ake sayarwa a tebur: suna kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, cutar kuma tana yaɗuwa a ƙarƙashi.

Wasu abubuwan kuma ko gwada na gida ba a yi. Ƙuraje tare da zazzaɓi, musamman da jan ido da tari, yana iya zama ƙyanda. Tabo mai haske a jiki da ba ya jin taɓawa yana iya zama farkon kuturta, kuma tana warkewa da magani kyauta na wata 6 zuwa 12 in an zo da wuri. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura fatarsa tana saɓewa, tamowa ce. Toka kuma ba ta zuwa kan cibiyar jariri, ko kan kaciya, ko ƙuna, ko buɗaɗɗen miki. Man dogon yaro na waje ne kawai: an samu jarirai a Indiya da Malesiya da aka ɗura musu shi suka kama amai da jijjiga, wasu suka rasu. Ba a baki, ba a hanci, ba a kunne.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa ofishin kariya ya shigo maganar sabulu.

Ruwan toka da aka dafa ya yi ƙarfi yana ƙona fata, yana iya makantar da ido. Sodar sabulu ta kasuwa, fara mai kama da gishiri ko sukari, ta fi shi muni nesa ba kusa ba, kuma in aka jiƙa ta ba ta da bambanci da ruwan sha. A ƙasashen Afirka ta Yamma da dama asibitoci sun san yaran da suka sha ta a gidajen masu yin sabulu, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, abinci ya daina wucewa. Yaro ɗan shekara biyu da ya dawo da ƙishirwa ba ya tambayar abin da yake cikin kofi. Kada a zuba ruwan toka ko soda a gorar ruwa, ko buta, ko kofi, ko jarkar sha. A ba shi mazubi na daban mai murfi, a ɗaura jan ƙyalle, a ɗora inda hannun yaro ba ya kai. Ranar dafawa wata ta ɗauke yara ta kai su can nesa, kuma kada mai juya tukunya ta goya ɗa. Ɗanɗanawa da harshe don a ji ƙarfinsa, a daina. In ya fallatsa a ido ko a fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20, sannan a tafi asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin abin da ya ƙona shi wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita. Kada a ɗura masa manja ko tsamiya ko lemun tsami. A ɗauke shi a gudu, a tafi da mazubin don ma'aikata su gani. Sabon sabulu kuma babba ya fara gwadawa a cikin damtsensa, ya jira kwana ɗaya. In ya yi ja ko raɗaɗi, toka ta yi yawa, a mayar da shi na wanki.

Ƙonawar kanta, a yi ta nesa da ɗakunan zana da tamfol, da sassafe kafin iska ta tashi, da bokitin ruwa a kusa. Kada leda ko batir ko buhun taki ko kwalbar maganin feshi su shiga wutar.

Sai maganar karan. Muna ce masa shara, amma a ƙasar nan kara yana da mai shi. Manomi yana yin darni da rumfa da shi, yana tara wa dabbobinsa na rani, yana sayarwa. Wani da gangan yake barin sa kwance a gona don iska kada ta kwashe ƙasa. Makiyaya kuma suna jiran ranar da hukuma take sawa kowace shekara ta sakin gonaki su shigo da dabbobi. Wadda ta shiga ta ɗaure dami ba ta tambaya ba, a ganinta tsintuwa ta yi, a ganin mai gona an yi masa sata. Ƙorafi irin wannan yana zuwa mana, kuma ba ma so dami ɗaya ya ɓata zaman da mutanen garuruwan nan suka ba mu tun ranar da muka iso ba mu da ko tabarma. A tambaya. In ƙungiya ce, shugabanninku su je wurin mai gari a yi magana a fili, a san gonar wa, a san nawa. Sau da yawa in an ce za a ba mai gona ɗan rabo cikin sabulun, magana ta ƙare. Harawa kam ko an ba ku kada ku ƙone ta, abincin dabba ce mai kuɗi. Abin da ya fi sauƙin samu ba tare da rigima ba shi ne ɓawon gyaɗa a wurin masu ɓara, da ƙaiƙayi a masussuka, da tokar murhunku in ba a hura wutar da leda ba. 'Ya'yan dogon yaro da aduwa ma, in itacen yana cikin gonar wani ko ƙofar gidansa, a yi sallama tukuna. Tsinta ake yi a ƙasa, ba a sare reshe.

Masu fita tsinta su fita a ƙungiya, su gaya wa wani inda suka nufa, su dawo kafin la'asar. Kada a aiki yarinya ita kaɗai, kada a cire yaro daga makaranta don ƙwallon aduwa. Wadda wani ya tare ta a hanya, ko ya ce sai ta ba shi wani abu na jikinta kafin ya bar ta ta ɗiba, ta zo ofis. Akwai mace da za ta saurare ta a keɓe, kuma maganar ba ta fita.

Waɗanda suke son mayar da shi sana'a, Allah ya sa albarka. Ku sayar da shi da sunansa, sabulun wanka da wanki, man shafawa na hunturu. Kada a ce maganin ƙazuwa ne ko na makero don ciniki ya yi sauri, domin uwar da ta saya da wannan zaton za ta zauna gida tana jira.

Iyayenmu mata da suka iya tace toka da dafa sabulu, muna roƙon ku ba shugabar matan unguwarku sunayenku, domin a haɗa kowace ɗaya da matasa kaɗan, a kuma samu wuri ɗaya mai shinge da za a riƙa dafawa nesa da yara. Gidan da ake susa kuma, ku je asibiti gaba ɗayanku, ku gaya wa maƙwabtan da yaranku suke kwana tare su ma su je rana ɗaya da ku. Mai tambayar da bai so ya yi a bainar jama'a ba ya same mu bayan an tashi, muna nan a bakin rumfa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.